Sarewar Yarinyar Nan

Litinin, 24 ga Yuni, bayan La'asar

Malam Uwaisu na asibitin garinmu ya ba ni kati, ya ce in riƙa rubuta lamba safe da yamma. Na ji tsoron ɓata masa kati da wannan kwashe-kwashen rubutun nawa, shi ya sa na ɗauko ragowar littafin lissafin yarinyar nan, in fara rubutawa a nan kafin in kwafe. Rabona da biro tun da na bar sakandare, ga shi na kama kuma hannuna ya ƙi ajiyewa.

Shi ya rubuta sunanta a saman katin da manyan baƙaƙe. Ni dai 'yar fari ce gare ni, ba a taɓa jin sunan nan a bakina ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Yarinyar nan. Shekararta tara. Biyun da suka biyo ta ba su zauna ba.

Ya ce asma ce. Ya ba mu abin shaƙa, da wani bututun roba mai lambobi a jiki. Za ta cika ƙirji da iska ta busa da iyakar ƙarfinta, sai wani ɗan jan tsinke ya tafi ya tsaya a kan lamba. Sau uku, a ɗauki babbar. Daga 200 zuwa sama lafiya lau. In ta sauka ƙasa da 130, in kira shi, zai zo har gida. Ya faɗi sunan abin da Turanci, ban riƙe ba. Ita ta raɗa masa sarewa, tana ta ƙorafin wai sarewar ba ta kuka.

Ya tambaye ni, "Malama Huseina, akwai hayaƙi a gidan?"

Na ce, "Na kowa dai."

Yau 170.

Talata, 25 ga Yuni, bayan Asuba

150. Sanyin damina ne.

Laraba, 26 ga Yuni, da hantsi

Alhaji Ɗan Iya ya aiko da shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, buhu goma sha biyu daga gonakin Watari. Gumi nake masa, ni da maƙwabciyata Rahmatu: mu jiƙa, mu turara a rabin duro, mu shanya, ya kwashe ya kai inji a Bici. Da shi muke ci tun da fetur ya tashi, maigidan ya sayar da injin ban-ruwa ya tafi Kudu neman aikin ƙarfi. Wata biyar ke nan. Yana kira ranar Juma'a in ya samu katin waya.

Itace kuwa an bar wa masu hali. Ɓuntun shinkafa muke ƙonawa, Alhaji ne ke kawo mana shi kyauta daga bakin inji, mu tada shi da leda. Ɓuntu ba ya ci da harshe, cin ciki yake yi. In ka kunna shi Asabar, har Litinin yana nan yana huci. Da rani a tsakar gida muke aikin. Tunda ruwa ya sauka muka janye durorin biyu zuwa ƙarƙashin rumfar da ke jikin ɗakina.

Ni kuwa na ga abin ya zo daidai, don bangon nan ɗumi yake kamar jikin mutum. Na matsar da tabarmar yarinyar nan jikinsa, na cusa buhu a tagar baya mai kallon gona, kada iskar ruwa ta same ta. Ban san abin da ya rage ban yi ba.

Safe 145. Na share tsakar gida sau biyu, ban san dalili ba.

Juma'a, 28 ga Yuni, bayan Magariba

Rahmatu ta ce, "Ke Huseina, wannan busa-busar ta me ce ce? Yaushe aka taɓa hure tari? Ki yi mata hayaƙi, sanyin ya narke ya fito."

Haka aka yi mana muna yara, ba mu mutu ba. Na ɗebo garwashi a kasko, na barbaɗa habbatussauda, na lulluɓe ta da zane. Ta ce, "Umma, ya isa." Na ce ta daure kaɗan. Ta daure, don ita ba ta musu.

Ba zan rubuta yadda ta fito ba.

Abin shaƙar nan, Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙire shi. Sai da na fesa mata sau huɗu. Da ta dawo hayyacinta ta busa, ya tsaya a 120. Na sake sa ta, 115. Na daɗe riƙe da biro. In Malam Uwaisu ya zo gida, rumfar zai fara gani kafin ya gan ta.

A kati na rubuta 180.

Asabar, 29 ga Yuni, da safe

135. Ƙirjinta na kuka kamar 'yar mage a cikin kwando. Sanyi ne.

Litinin, 1 ga Yuli, da Azahar

Ruwa tun safe. Ɓuntu ya jiƙe, hayaƙin ya ƙi tashi, ya kwanta a tsakar gida. Ina juya shinkafa ina leƙa ɗaki, ina leƙa ɗaki ina juya shinkafa. Rahmatu ta ce in zan zauna in zauna, ina sa ta jiri.

140. A kati, ka san dai.

Wa nake cewa "ka san"? Littafi?

Laraba, 3 ga Yuli, bayan La'asar

Wata likita ce ke zuwa asibitinmu daga Kano duk bayan mako biyu, tana auna yara masu irin ciwon nan. Yarinya ce ƙarama, ban fi ta da komai ba sai wahala. Ta zo da wata na'ura da ba ta kai bulo girma ba. Wannan ba da ƙarfi ake busa ta ba, a hankali ake yi, kamar mai fifita koko da baki, har a ƙirga goma.

Na'urar ta nuna 61. Na yi murmushi na ce ai kuwa ya yi ƙasa da yawa. Ta ce a'a, wannan ba irin ta sarewa ba ce. Sarewa na auna faɗin hanyar iska, ana so ta hau. Wannan kuwa kumburin da ke cikin hanyar take aunawa daga numfashin da ya fito, ana so ta sauka. Yaro mai lafiya ba ya wuce ashirin.

"Kin san yadda ido yake in hayaƙi ya shige shi? Ya yi ja, ya yi ruwa, ya kumbura. To haka hanyoyin iskar da ke cikin ƙirji suke yi, sai dai su ba a gani, kuma ba sa iya rufewa kamar ido."

Sai ta ɗauki katin. Ta dubi 180, 185, 190 a jere kamar an shuka su da igiya. Ta dubi na'urarta. Ta dube ni. Ba ta ce na yi ƙarya ba, da ta faɗa da na samu abin faɗa. Mayafin yarinyar nan kawai ta kama ta kai hanci.

"Wace sana'a kike yi, Hajiya?"

Malam Uwaisu ya kawar da kai. Na faɗa mata.

Ta ƙara mana wani abin shaƙa, na kullum, ta ce mu yi gwaji: a kai ta wani gida da ba hayaƙi, mako biyu, a ci gaba da busa ana rubutawa a sabon kati, wancan ya zauna a asibiti. In ba a ga bambanci ba, za ta ba ni haƙuri a gaban kowa.

Alhamis, 4 ga Yuli, da hantsi

Likitar nan da take girki da gas a birni. Ta zo ta shinshina mana kaya kamar mun saci kifi. Duk garin nan wane gida ne ba hayaƙi? Uwata a hayaƙi ta haife ni. Kuma in na kashe wutar, ita za ta riƙa aiko mana da tuwo daga Kano a cikin na'urar tata?

Haushi nake ji, kuma ban san wa nake jin haushi ba. Na ƙona ƙasan duro ɗaya saboda tunani. 

130.

Juma'a, 5 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Ƙanena Abdussalam ya zo da babur ya ɗauki yarinyar nan zuwa wajen Inna Hure, mahaifiyarmu, a ƙauyenmu na wajen Shanono. Na koya masa karanta sarewar. Inna a fili take girki, can nesa da ɗakuna, da kara.

Ban raka ta waje ba. Me za a ce, Huseina na bin 'yar fari har ƙofar gida? A zaure na tsaya na ce, "Ki gaida Inna, ban da rashin ji." Ta ce to. Ta waiwayo sau biyu, ni kuwa na yi kamar ina gyara tsintsiya.

Na nemi ɗankwalina mai ruwan ƙasa, wanda nake aiki da shi, ban gan shi ba.

Maigidan ya kira. Na ce ta je ganin Inna. Ba ƙarya na yi ba.

Lahadi, 7 ga Yuli, da yamma

Abdussalam ya kira. 175.

Talata, 9 ga Yuli, da yamma

205. Na ce ya duba da kyau, wataƙila ya riƙe abin a karkace. Ya ce, "Yaya, ni fa na yi makaranta."

Na tuƙa tuwon mutum biyu. Mantuwa.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan La'asar

240.

Tunda aka ba mu sarewar nan tsinken bai taɓa zuwa wajen nan ba, ban ma san yana kaiwa ba. Abdussalam ya ce jiya ta bi awaki da gudu har bakin rafi, ta kwana ba tari ko ɗaya.

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Amma zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa: ban ji daɗi ba. Kwana shida kacal da barin hannuna. Shekara tara ina tattalin yarinyar nan, ashe nesa da ni take nema ta yi numfashi. Allah ka yafe mini, wace irin uwa ce ke jin haka?

Inna ta karɓi wayar tana dariya. "Ke Huseina, ƙawar nan tawa ta yi kumatu. Ki bar mini ita kawai. Dama 'yar fari ai ta kaka ce, ke kika yi mini ƙwauro tun yaye. Tunda nan ya karɓe ta, a kawo mata kayanta, ga makaranta nan kusa."

Na ce, "Duk yadda kika ce, Inna." Me zan ce? A ce na buɗe baki na gaya wa uwata ina son 'yata? Na ji motsin yarinyar nan kusa da wayar.

Juma'a, 12 ga Yuli, da hantsi

Na naɗe tabarmarta. Na shimfiɗa. Na sake naɗewa.

Asabar, 13 ga Yuli, da yamma

190, in ji Abdussalam. An yi ruwa a can jiya.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan Magariba

Jiya 160, yau 140!

To ina likitar? Ina na'urar? Ga ta can inda ba ɓuntu ba duro, lamba ta faɗo yadda take a nan. Ban faɗa ba? Sanyi ne! Na tafi har gidan Rahmatu ba mayafin kirki na gaya mata, ta ce ai ita dama ta sani. Alhaji ya aiko tambaya ko zan iya da buhu ashirin wannan karon, na ce a kawo.

Jibi likita za ta ba ni haƙuri a gaban kowa, in taho da yarinyata gida.

Yanzu na karanta abin da na rubuta. 'Yata na can numfashi ya ƙi, ni ina nan ina murna. Na kasa cin abinci.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan La'asar

Zan rubuta shi a jere, ko hankalina ya zauna.

Abdussalam ya kawo ta asibiti kai tsaye. Da na gan ta sai da na ƙara dubawa. Ta yi haske, idon nan ya washe, ta sauko daga babur da tsalle. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon gefe.

Likita ta miƙa mata sarewa. Ta ɗauka, ta kalle ni, ta busa. 140. Na gyara zama.

Sai aka kawo na'urar. Ta busa a hankali har goma. 24.

Likita ta sa abin sauraro a ƙirjinta da bayanta, ta daɗe. Sannan ta zauna a kan benci daidai tsayinta, ta ce, "Ƙanwata, ƙirjinki fes yake. Ita wannan na'urar ba ruwanta da ƙarfi, abin da ke ciki take faɗa. Sarewa ce ake iya yi wa wayo. Me ya sa kike rage mata iska?"

Abdussalam ya ce, "Wallahi na yi zargi. Yarinyar da ke tsere da awaki?"

Yarinyar nan ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin zanenta. A nan na ga abin da ta ɗaure ƙugu da shi ta ciki: ɗankwalina mai ruwan ƙasa, ko wanke shi ba a yi ba.

Da ƙyar aka ji muryarta. "Inna ta ce tunda can ya karɓe ni, ba zan dawo ba. Umma kuma ta ce to. In lambar ta yi ƙasa, ai za a ce can ma bai karɓe ni ba."

Likita ta ce, "Kin san in kin koma tarin zai dawo?"

Ta ce, "Na sani. Ai na saba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wa Malam Uwaisu ya ba ni katin farko. Na ce lambobin nan ba nata ba ne, nawa ne, na gaskiyar suna gida a littafi, kuma akwai ranar da ta yi 115 ban kira shi ba. Na faɗi maganar bango da taga da hayaƙin habbatussauda. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Malama Huseina, da ranar nan ta zo da ƙarar kwana fa?" 

Likita ta ce maganin kullum ya taimaka, amma magani ba zai yi ta kokawa da hayaƙi dare da rana ya yi nasara ba. Ba ta nemi in ba ta haƙuri ba.

Na ce wa Abdussalam ya mayar da yarinyar nan wajen Inna. Ta ɗago ta kalle ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Na ce, "Lahadi. Ka dawo da ita Lahadi, da kayanta. Ka gaya wa Inna ni na ce, ta yi haƙuri, ba zan iya ba ta ba."

Abdussalam ya buɗe baki. Na ce ya rufe, ƙuda na shiga.

Alhamis, 18 ga Yuli, da Azahar

Na ƙarasa abin da ke cikin duro, don amana ce. Alhaji Ɗan Iya ya zo da kansa, muka yi magana ta zaure. Na ce ya sa a kwashe durorin da buhunan da ba a taɓa ba.

"Wani ya ɓata miki ne?"

Na ce a'a, na gaya masa dalili.

Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Amma Huseina, da me za ku ci? Kin san halin da ake ciki. In na kai wani gida, ba zan iya dawo da su ba."

Na ce na sani. In na ce in mayar da aikin wajen gari, can ba rumfa, ruwa zai kashe wutar, ni ma na yi wannan tunanin har na gaji. Ya ce in ana neman masu tsince tsakuwa zai tuna da ni. Ko ya tuna ko kar ya tuna.

Rahmatu ta kwashe matankaɗinta da muciyarta ba sallama. Ita ma da wutar nan take ci, ban ga laifinta ba.

Na kwara wa ɓuntun bokiti shida. Ya yi ta huci yana tururi, kamar ba zai mutu ba.

Juma'a, 19 ga Yuli, da hantsi

Har yau da na tona tokar akwai wuta a ƙasa. Bokiti uku.

Na zare buhun da ke taga. Gefen da ke kallon gona fari ne yadda na sa shi. Gefen da ke kallon ɗaki baƙi ƙirin, har da maiƙo. Na tsaya riƙe da shi. Buhu ke nan, da ba ya numfashi.

Na kankare bangon, na kwaɓa ƙasa na yaɓe shi. Na wanke tabarma, gidan sauro, da duk zanen da muka mallaka. Na kafa murhun girki can jikin katanga, bayan turken akuya.

Maigidan ya kira, na gaya masa duka.  Ya ce, "Za ta warke?" Na ce ba a warkewa, amma ana zama lafiya da shi. Ya ce zai ga abin da zai iya. Muryarsa ba ta yi kama da ta mai iyawa ba.

Gero ya rage rabin buhu. Ina jin tsoro.

Asabar, 20 ga Yuli, da yamma

Gidan ya yi shiru, ba ƙauri. Na leƙa zaure sau nawa, alhali na san sai gobe.

Lahadi, 21 ga Yuli, kafin Magariba

Sun iso da hantsi. Inna ta aiko da man shanu da saƙo: wai a gaya wa marar kunyar nan ta kyauta.

Yarinyar nan ta shiga ɗaki, ta dubi taga a buɗe, ta fito ta dubi inda durori suke, da'ira biyu baƙaƙe a ƙasa. Ta ce, "Umma, ina aikinki?" Na ce ya tafi. Ta ce, "Saboda ni?" Na ce ta je ta wanke ƙafa. Ta kwance ɗankwalin ta miƙo mini, na jefa shi cikin ruwan wanki.

Da yamma lokacin busa ya yi, ba ta nan. Tana can ƙofar gida cikin yara, ina jiyo ihunta ya fi na kowa. Na tsaya a zaure da sarewa a hannu. Na ce "ke," yara biyar suka waiwayo, ban da ita. Na ce "yarinyar nan," hayaniya ta cinye. Ga Rahmatu a bakin ƙofarta, ga dattawa a kan dakali.

Sai na kira sunan, da ƙarfi.

Ba ta amsa nan take ba. Ta tsaya tana waige-waigen wanda ya kira ta, don ba ta san shi da muryata ba. Da ta gane, ta taho a guje, ta tsaya a gabana ba ko haki.

Na ce, "Busa. Da gaske."

Ta ce, "Ke ma ki rubuta da gaske."

Na rubuta a kati, ga shi kuma a nan.

Maryamu, 235.